Kafin Ɓarawo Ya Zo: Abin da Ke Rage Sata a Aikin 'Yan Sandan Unguwa

Duk wanda ya taɓa dawowa gida ya tarar da ƙofa a ɓalle ya san asarar ba ta tsaya kan kayan da aka kwashe ba. Akwai barcin da ba zai ƙara zuwa da sauƙi ba, akwai yaran da za su riƙa firgita in iska ta kaɗa ƙyaure, akwai kuma zargin da zai shiga tsakanin mutum da maƙwabtansa. A kundin 'yan sanda irin wannan laifi ƙarami ne in aka jera shi da kisa ko fashi da makami. A wurin mai ƙaramin ƙarfi kuwa, babur ɗaya ko keken ɗinki ɗaya da aka ɗauke shi ne jarin gidan gaba ɗaya. Fasa gida, fasa shago, satar mota, ƙwacen waya da sane su ne mafi yawan ƙorafin da ake kai wa 'yan sanda a yawancin ƙasashe. A kansu ne akasarin mutane ke fara shiga ofishin 'yan sanda, a kansu ne kuma suke yanke hukuncin ko hukumar na da amfani ko ba ta da shi.

In sata ta addabi unguwa, abu uku jama'a ke nema: a ƙaro motocin sintiri, a riƙa zuwa da sauri in an kira, a kama ɓarayin a yi musu ɗauri mai tsawo. Buƙatu ne da hankali zai ɗauka. Sai dai duka ukun an gwada su an auna, kuma sakamakon bai zo yadda aka zata ba.

A 1972 rundunar 'yan sandan birnin Kansas a Amurka ta yarda a yi gwaji da aikinta, abin da ba kowace hukuma ke yarda da shi ba. Aka ɗauki yankunan sintiri 15 aka kasa uku. A biyar aka janye sintirin mota, 'yan sanda ba sa shiga sai an kira su. A biyar aka bar komai yadda yake. A sauran biyar ɗin aka ninka sintirin sau biyu zuwa uku. Bayan shekara guda aka duba fasa gidaje da satar motoci da fashi, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba, mazauna yankunan ma ba su lura an sauya wani abu ba. Dalilin a fili yake. Motar da ke kewaya babban yanki daƙiƙa kaɗan take yi a gaban kowane gida, shi kuwa mai fasa gida 'yan mintoci yake buƙata, kuma galibi ta baya yake shiga, inda ba a hango shi daga titi.

Zuwa da sauri ma haka abin yake. William Spelman da Dale Brown sun bi diddigin dubban manyan laifuka a birane huɗu na Amurka, suka fitar da sakamako a 1981: kusan kashi 75 cikin 100 na laifukan ba a farga da su sai bayan mai laifin ya yi nisa. Ka tashi da asuba ka ga babu motar, ka dawo daga aiki ka ga taga a fashe. Ko da fiffike 'yan sanda suka zo, ihu ne bayan hari. Laifukan da saurin isowa ya sa aka damƙe mai su nan take ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba. In ɓarawon na cikin gida ko rai na cikin haɗari, babu shakka kowane minti yana da daraja. Amma yawancin sata ba haka take zuwa ba.

Saura bincike da kamu. Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta nazarci aikin masu binciken laifi a 1975, ta gano cewa abin da ya fi warware shari'a shi ne bayanin da wanda aka cuta ko wani shaida ya ba ɗan sandan da ya fara isa wurin. Sata kuwa yawanci ba ta da shaida. Shi ya sa a 2019, a ƙasa mai kuɗi da ɗakunan gwaji irin Amurka, alƙaluman hukumar FBI suka nuna kashi 14 cikin 100 kacal na fasa gidaje aka warware. Muna cewa kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Gaskiya ne, amma shi ɓarawon kwana dubun yake lissafawa. Wanda yake ganin da wuya a kama shi, ko shekara biyu aka ce masa ko goma duk ɗaya ne a kunnensa. Masu nazarin hana laifi, irin su Daniel Nagin, sun daɗe suna nuna cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci tasiri nesa ba kusa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa ɗan sanda ba shi da amfani. Ga misali daga Ajantina. Bayan harin bam da aka kai wa cibiyar Yahudawa a Buenos Aires a watan Yulin 1994, gwamnati ta girke 'yan sanda dare da rana a gaban cibiyoyin Yahudawa da na Musulmi. Ba don satar mota aka kai su ba, amma da masana tattalin arziki biyu, Rafael Di Tella da Ernesto Schargrodsky, suka duba daga baya, sai suka ga satar mota ta faɗi da kusan kashi 75 cikin 100 a layukan da aka girke su. Layi ɗaya ko biyu gaba, tasirin ya dushe. Wato ganin ɗan sanda yana hana sata ƙwarai, amma iyakar inda ido ke kaiwa. Tambayar da ta rage ita ce a ina za a tsayar da shi, tunda ba za a ba kowane layi nasa ba.

Sata na da wuraren zamanta

Amsar ta fito daga birnin Minneapolis na Amurka. Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka tattara kiran da aka yi wa 'yan sanda cikin shekara guda, fiye da 323,000, suka duba daga wane adireshi kowanne ya fito. Sakamakon da suka wallafa a 1989 ya girgiza fagen: kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin su suka haifar da rabin kiran gaba ɗaya. David Weisburd ya bi birnin Seattle na tsawon shekara 14, daga 1989 zuwa 2002, ya ga kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na gutsattsarin tituna ne ke ɗauke da rabin laifukan kowace shekara, kuma da yawansu su ne dai su ne shekara bayan shekara.

Wannan ya rushe wani tunani da ke cutar da mutane da yawa, wato a ce unguwa kaza unguwar ɓarayi ce. Ko a unguwar da ta fi ƙaurin suna, yawancin layuka lafiya lau suke. Matsalar tana taruwa ne a tashar mota ɗaya, ko filin ajiye motoci ɗaya marar mai gadi, ko lungu ɗaya da ke bayan shaguna, ko rukunin gidajen haya da mai shi ya yi watsi da shi. Rundunar da ta yi wa unguwa duka kuɗin goro tana ɓata ƙarfinta, tana kuma tara wa kanta maƙiya cikin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Da aka gwada tura sintiri kai tsaye zuwa irin waɗannan wurare a Minneapolis, wurare 55 aka ƙara musu 'yan sanda, 55 aka bar su yadda suke, laifi ya ragu a kashin farko. Ragin bai yi yawa ba, tsakanin kashi 6 zuwa 13 cikin 100, amma na gaske ne. Christopher Koper ya sake duba bayanan a 1995 ya gano wani abu mai amfani ga rundunar da ba ta da yawan ma'aikata: tsayuwar kusan minti 15 ta fi wucewa a guje tasiri, ta kuma fi zaman da ya wuce haka, muddin ba a san lokacin da za a dawo ba.

Nan take mai hankali zai ce, to ai ɓarawon zai koma layin gaba ne kawai. Yawancin gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Turai sun nuna hakan ba ya faruwa yadda ake tsoro, wani lokaci ma layukan kusa suna cin moriyar tsaron. Ɓarawo yana aiki ne inda ya sani, inda ya san mafita da maɓoya, kuma sabon wuri haɗari ne a gare shi. Amma ba a ko'ina ba. A Bogota, babban birnin Kolambiya, an yi babban gwaji a 2016 kan tituna kusan 2,000, aka ninka sintiri a wasunsu na wata takwas. Christopher Blattman da abokan aikinsa suka ga alamun cewa satar dukiya ta koma titunan maƙwabta ne kawai. Ina ganin wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna iyakar tsayuwar ɗan sanda. In abin da ke jawo ɓarawo yana nan, kuma yana nan a layin gaba ma, to an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Tsagewar bango

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da Lawrence Cohen da Marcus Felson suka faɗa ke nan da harshen ilimi a 1979: kafin a yi sata sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, mai niyya, da abin da ya cancanci ɗauka, da rashin mai sa ido. Zuciyar mai niyya ba a hannun ɗan sanda take ba, tarbiyya da talauci da shaye-shaye da rashin aiki duk suna da hannu a ciki, kuma gyaransu aikin shekaru ne. Sauran biyun kuwa ana iya taɓa su cikin mako guda. A shekarar ce dai Herman Goldstein ya soki yadda 'yan sanda ke gudu daga kira zuwa kira, su rubuta, su tafi, gobe a sake kiransu wuri ɗaya kan abu ɗaya. Ya ce a haɗa kiraye-kirayen a tambaya: mene ne a wurin nan da ke haifar da su? Rundunar birnin Newport News a jihar Virginia ta Amurka ta gwada hakan a tsakiyar shekarun 1980 kan fasa motocin da ma'aikata ke ajiyewa kusa da masana'antar ƙera jiragen ruwa, satar ta ragu da fiye da rabi.

Misalin da na fi so shi ne na Kirkholt, wani rukunin gidajen gwamnati kimanin 2,280 a garin Rochdale kusa da Manchester a Ingila. A tsakiyar shekarun 1980, kusan gida ɗaya cikin huɗu ake fasawa a shekara. 'Yan sanda da jami'an kula da masu laifi da masana, cikinsu har da Ken Pease, suka fara da tambaya maimakon samame. Suka zauna da waɗanda aka yi wa sata, da maƙwabtansu, da su kansu ɓarayin da aka kama. Abu biyu suka fito. Na farko, kusan rabin fasa gidajen saboda mitar wuta da ta gas ne, irin wadda ake jefa wa sulalla, domin kowa ya san akwai akwatin kuɗi a cikin gidan. Na biyu, gidan da aka taɓa fasawa ya fi wanda ba a taɓa ba haɗarin a fasa shi har ninki huɗu.

Wannan na biyun ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. Wanda aka yi wa sata yakan ce shi ke nan, sun kwashe, ba abin da za su dawo nema. Ɓarawon kuwa yanzu ya san tagar da ba ta kulluwa, ya san lokacin da gidan ke zama ba kowa, ya ga abin da bai iya ɗauka ba a zuwan farko, ya kuma san nan da 'yan makonni za a sayo sabon abin da ya ɗauke. Haɗarin ya fi tsanani a kwanaki da makonnin farko, kuma yana shafar gidajen da ke jikinsa, tunda galibi ginin iri ɗaya ne.

Sai aka bi waɗannan biyun. Aka cire mitocin sulalla aka sa wasu. Duk gidan da aka fasa, cikin gaggawa ake zuwa a gyara ƙofa da taga, a sa sakata da makulli masu ƙarfi, a yi wa kayan gidan alama. Da izinin mai gidan, a ƙwanƙwasa wa gidaje shida ko bakwai mafi kusa, a gaya musu abin da ya faru, a roƙe su su sa ido su kira in sun ga baƙon motsi. Cikin wata biyar fasa gidaje ya ragu da kashi 40 cikin 100. Cikin shekara uku ya sauko daga 526 a shekara zuwa 132. Abin lura shi ne yadda aka raba ƙarfin da ake da shi. Ba a ce sai an gyara gida 2,280 ba, an bi gidan da aka fasa jiya ne, domin shi ne mafi kusa da a fasa gobe. Ko ofishi mai ma'aikata goma zai iya wannan.

Akwai kuskuren da ake yi da irin wannan magana, kuma yana ba ni haushi. Mutum ya zo da ƙorafi, zuciyarsa a dagule, a tarbe shi da me ya sa ba ka kulle ba, me ya sa ka fito da waya a cikin taro. Laifin sata na ɓarawo ne. Sanin inda bango ya tsage don a taya mai gida liƙewa ne, ba don a ɗora masa laifi ba. Kuma makulli mai kyau da ƙofar ƙarfe kuɗi ne, wanda ya fi buƙatarsu shi ne ya fi kasa saya. A Kirkholt ba nasiha aka bar mutane da ita ba, an yi musu gyaran ne.

Wasu tsagogin sun fi ƙarfin ofishin unguwa. Daga 1998 Tarayyar Turai ta wajabta sa wa kowace sabuwar mota na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali. Jan van Ours da Ben Vollaard sun ƙiyasta cewa wannan ƙaramar na'ura ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100. A Amurka, inda ba a wajabta ba, motocin Kia da Hyundai da yawa sun fito babu ita, kuma da bidiyon yadda ake tayar da su ya bazu a TikTok daga 2021, satarsu ta yi tashin gwauron zabo a birane irin su Milwaukee. A Holan, dokar gini ta 1999 ta tilasta sa ƙofofi da tagogi masu wuyar ɓallewa a sababbin gidaje, fasa irin waɗannan gidaje ya ragu da kusan kashi 26 cikin 100, kuma ƙa'idojin sun samo asali ne daga wani shirin ba da shaidar ingancin gida da 'yan sandan ƙasar suka fara. A New York an kafa fitilu masu haske a rabin wasu rukunonin gidajen gwamnati a 2016, manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi 36 cikin 100. A Philadelphia share kangwaye aka yi, aka shuka ciyawa aka kewaye da ɗan shinge, fasa gidaje ya ragu da kusan kashi 22 cikin 100 a unguwannin matalauta. Kyamarar tsaro ma tana aiki, amma ta fi aiki a filin ajiye motoci da inda akwai mai kallonta, ba inda aka maƙala ta aka manta ba.

Ba ɗan sanda ke sa fitila ko share kango ba. Amma shi ke riƙe da littafin da ya nuna a wane lungu aka ƙwace waya sau goma a wata uku. In ya ɗauki littafin ya je wa hukumar gari ko mai filin ko mai gidan haya ya ce ga inda ake yi, ga lokacin, ga abin da nake so ka gyara, ya yi aikin da samame ashirin ba za su yi ba.

Mai saye

Ɓarawo ba ya satar waya goma don ya yi kira da su. Sata sana'a ce da ba ta tsayuwa sai da kasuwa, kuma mai sayen kayan sata ɗaya yana iya ciyar da ɓarayi da dama. Shi ba ya tsallake katanga, yana zaune a shago, ana gaishe shi da mutunci. Amma yana da rauni ɗaya: ba ya iya gudu, adireshinsa sananne ne. Lokacin da farashin tagulla ya tashi aka riƙa yanke wayoyin layin dogo da kwashe darmar rufin coci-coci a Ingila da Wales, ta nan aka ɓullo wa abin. A watan Disamban 2012 aka haramta sayen tsohon ƙarfe da tsabar kuɗi, dokar 2013 kuma ta wajabta wa dillalai lasisi da duba shaidar mai sayarwa da rubuta kowane ciniki. Satar ƙarfe ta faɗi sosai a shekarun da suka biyo baya, ko da yake saukar farashin ƙarfen ita ma ta taimaka.

Waya ta nuna fuska biyu na wannan dabara. Da kamfanin Apple ya sa makullin da ke hana amfani da wayar sata a 2013, hukumomi sun ba da rahoton raguwar satar iPhone da kashi 40 cikin 100 a San Francisco, da kashi 25 a New York. Sai kasuwar ta sake hanya, aka koma fitar da wayoyin ƙasashen waje ko a wargaza su a sayar da kayan cikin. A 2024 wayoyi kusan 80,000 aka sace a Landan. Duk ƙofar da aka toshe, akwai mai neman wata, don haka aikin ba na yi sau ɗaya a huta ba ne. Mu kanmu masu saye muna ciki. Wanda aka tallata masa waya a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta, babu kwali babu rasit, ya san abin da yake saya.

Abin da ba a samu da ƙarfi

Duk abin da aka ambata yana tafiya ne da bayani: a ina, yaushe, ta wace ƙofa, wa aka gani, wa ke saye. Bayanin kuma a bakin jama'a yake. A Amurka, binciken da gwamnati ke yi gida-gida yana nuna kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na laifukan dukiya ake kai wa 'yan sanda. Inda mai ƙorafi ke tsoron a nemi kuɗi a hannunsa, ko a yi ta juya shi, ko sunansa ya koma kunnen wanda ya tona, abin da ake kaiwa ya fi haka ƙanƙanta. Taswirar da aka zana da irin wannan bayani za ta nuna inda masu baki ke zaune ne, ta ɓoye inda aka fi shan wahala. Mutanen da suka fid da rai da hukuma kuma sukan ɗauki doka a hannu, a rufar wa wanda aka yi wa ihun ɓarawo, wani lokaci a kashe marar laifi kan abin da bai kai ya kawo ba, mai sayen kayan kuwa yana shagonsa ko ƙwarzane babu.

Yarda tana karyewa da sauri in aka mai da zuwa wuraren da laifi ya taru ya zama tare duk wanda ya gifta. A 2011 'yan sandan New York sun tsayar da mutane a titi fiye da sau 685,000, kusan tara cikin goma aka sake su babu tuhuma, mafi yawansu baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. A 2013 kotun tarayya ta ce yadda ake yin ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kusan 12,000, laifi kuma ya ci gaba da raguwa. Saurayin da aka ci wa mutunci a gaban abokansa jiya ba zai zo gobe ya faɗi wanda ya ga yana tallar wayoyi ba. Binciken Tom Tyler ya nuna mutane suna ba hukuma haɗin kai ne gwargwadon yadda ta saurare su, ta yi musu bayani, ta mutunta su, ko da ba ta dawo musu da kayansu ba. A birnin New Haven na Amurka an gwada ziyarar 'yan mintoci a ƙofar gida, ɗan sanda ya gaisa ya gabatar da kansa ya bar katinsa, kuma bayan mako uku ra'ayin mutanen game da 'yan sanda yana nan ya fi na da kyau. Japan ta daɗe a kan wannan, da ƙananan ofisoshin unguwa kusan 6,000 da ake kira koban, inda jami'ai ke kewaya gidaje suna sanin mazauna.

Sai dai kiran taro da kafa kwamiti ba sa haifar da yarda su kaɗai. A 2021 mujallar Science ta wallafa gwajin da aka yi a ƙasashe shida, Burazil, Kolambiya, Laberiya, Pakistan, Filifin da Yuganda, inda aka shigo da tarukan unguwa da sintirin ƙafa da hanyoyin kai ƙorafi. Laifi bai ragu ba, yardar jama'a ma ba ta ƙaru ba. Masu binciken sun nuna inda gizo ke saƙar: manyan jami'ai ba su ɗauki shirin da muhimmanci ba, ana sauya wa jami'an da aka horar wurin aiki kafin su san mutanen yankin, sannan babu abin hawa ko kuɗin bin ƙorafin da aka kawo a taron. Mutum ya tashi a gaban jama'a ya faɗi damuwarsa, wata uku ba abin da ya sauya, jami'in da ya yi alkawari ma an ɗauke shi. Karo na gaba ba zai zo ba.

Akwai kuma ma'aunin da ake auna shugaban ofishi da shi. Umarnin farko da aka ba 'yan sandan Landan lokacin da Robert Peel ya kafa rundunar a 1829 ya sa hana aukuwar laifi a gaban kama mai laifi. Amma satar da ba a yi ba ba ta da hoto, ba a jera ta a gaban 'yan jarida. In yawan kamu ne ma'auni, za a cika ɗakin tsaro da waɗanda suka fi sauƙin kamawa. In raguwar rahoto ne, za a daina rubutawa. A 2014 hukumar da ke sa ido kan 'yan sandan Ingila da Wales ta gano cewa kusan kashi 19 cikin 100 na laifukan da aka kai ƙara ba a shigar da su kundi ba, wajen 800,000 a shekara. Shi ya sa ƙasashen da ke son sanin gaskiya suke aika masu tambaya gida-gida, ba ta hannun 'yan sanda ba, su ji wa aka yi wa sata, sau nawa, ya kai ƙara ko bai kai ba, in ya kai an dawo masa da wani bayani ko shiru. Domin a ofishin da aka fara aiki da gaske, alƙaluman sata kan hau ne a watannin farko, tunda waɗanda da suke haƙura sun fara zuwa. In na sama da shi ba su da wani ma'auni sai wannan kundin, jami'in da ya jawo mutanen shi za a fara tuhuma.